Rakiyar Masana da Irin Tattasan Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa faɗa mini magana mai nauyi yana zaune ba. In na je wurinsa sai a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, mu yi ta gaisuwar wushe-wushe irin tamu ta Barebari har bakina ya gaji: ya gida, ya aiki, ya zafi, ya mutanen Diffa, ya gajiyar hanya. Komai lafiya lau, komai sai godiyar Allah. Sai na miƙe na ce zan koma, ya zura takalmi ya ce bari ya taka mini. To, a nan ne, tsakanin ƙofar gida da bakin hanya, zan ji abin da ke cikinsa. Ba shi kaɗai ba ne, haka mutanenmu suke. Ni da na tashi a cikin abin ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, sai da aiki ya koya mini darajarsa.

Kawu manomin tattasai ne. Ƙauyensu yana bakin kogin Komadugu, ta wajen Shetimari. Da, in kaka ta yi, jan tattasai ake shanyawa tun daga bayan gidansa har inda ido ya ƙare, manyan motoci suna jiran a cika buhuna. Da ƴan bindiga suka fara ƙetaro kogi, sai aka ce kowa ya tashi daga bakin ruwa. Aka hana moto, wato babur, aka hana takin zamani, aka hana sayen fetur a jarka, balle a tada injin ban ruwa. Su Kawu suka dawo bakin kwalta suka kafa bukkokin zana da leda. Mutumin da yake ciyar da ƴan ƙwadago a gonarsa ya koma bin layin rabon abinci. Ni kuwa a lokacin ma'aikaciyar gona ce a Diffa, ina da biro, wato ofis, da kujera mai juyawa, amma babu gona ko ɗaya da zan iya zuwa dubawa.

Wata rana cikin bazara na je gaishe shi. Ya ce suna lafiya, ba su rasa komai ba, har da cewa iskar bakin kwalta ta fi ta ƙauye daɗi. Na ce a raina, tsoho mai ran ƙarfe, bari dai mu tashi. Da ya fito raka ni, mun ɗan yi nisa da bukkoki, sai ya rage tafiya.

"Ƴata, kin ga tulun nan da ke ƙarƙashin gadona, wanda na liƙe bakinsa da laka?"

"Na gani, Kawu."

"Irin tattasan kakanki ne. Shi kaɗai na rungumo ranar da muka gudo, matata tana ta masifa wai na bar bargo na ɗauki tulu. Iri kuwa ba gero ba ne, zafi cinye shi yake yi. Bara ban shuka ba, wadda ta gabace ta ma haka. In ruwan kogi ya zo bana ban zuba shi a ƙasa ba, ya mutu ke nan. Sai in ba matata ta daka mana yaji, mu ci mu huta."

Ya yi dariya, amma ni ban ga abin dariya ba. Wannan irin, mai kaurin nama da lanƙwasa a baki, shi ya yi wa uwata kayan ɗaki, shi ya saya mini littattafan lakwal, wato makarantar boko. Ya ƙara da cewa, "Ke da kike zama da manya, ki gaya musu." Na ce to, don ba a ce wa kawu a'a a bakin hanya, amma wallahi ban san wane babba zan gaya wa ba.

Sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ba a jima ba daraktanmu ya kira ni ya ce hukuma ta gaji da jin maganganu barkatai a kan noman kwarin Komadugu. Wannan ya ce a buɗe, wancan ya ce a rufe. Ana so a tara masana wuri ɗaya, su fitar da shawara guda wadda kowa ya yarda da ita, a kai sama, a kanta za a yanke hukunci. Za a yi atiliye, wato taron bita, ni ce mai rubuta rahoto. Na fito daga biron nan ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ranar taro ɗaki ya cika. Ga masana ƙasa, ga masana iri, ga likitan dabbobi. Ga injiniyan ruwa, wani Bafulatani dogo ɗan Maine-Soroa, abokin wasana, wanda ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ga wata likita mai kula da yara masu tamowa a sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage. Ga kuma wani kaftin na soja da aka aiko a madadin masu tsaro, ya zauna a gefe ya ɗora hularsa a gwiwa. A tsakiya kuwa aka ajiye dattijon taro, tsohon malami mai ritaya da muke kira Baba. Rabin ɗakin shi ya koyar da su a makarantar aikin gona, har da ni. Sauran rabin kuma ɗalibansa ne suka koyar da su.

Aka yi addu'a, darakta ya yi jawabi mai tsawo, sannan ya ce kafin kowa ya buɗe baki, a ba Baba. Kai! Ga inda aka yi kuskuren, amma wa zai ce a fara da yaro alhali ga babba zaune?

Baba ya gyara zaman hularsa, ya ɗan saci kallon kaftin, ya ce:

"Ƴaƴana, rai ya fi dukiya. A ganina a bar bakin kogi tukuna. A haƙa rijiyoyin burtsatse a tudu, nesa da iyaka, a raba wa mutane irin kayan lambu masu saurin yi, su salat da kabeji. Tattasai kuwa a jingine shi har Allah ya kawo zaman lafiya. Ko kuwa akwai mai wani gani?"

Sai masanin ƙasa ya ce, "Haka ne, Baba." Na kusa da shi ya ce, "Baba ya gama magana." Likitan dabbobi ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Injiniyan ruwa ya kalli silin ya ce, "Gaskiya ne." Likitar Sayam ta gyaɗa kai, kaftin ya gyaɗa kai. Ni da nake ta tafasa a ciki, da Baba ya juyo ya kalle ni, sai na ji wuyana yana gyaɗawa ba da izinina ba. Darakta kamar ya taka rawa. Ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin masana sun haɗa baki kafin a sha shayin safe ba. Ya ce gobe in zauna in rubuta rahoto, jibi a karanta kowa ya sa hannu. Aka yi tafi, ni kuwa ba abin da nake gani sai matar Kawu da taɓarya a hannu.

Da aka tashi na fito raina a ɓace. Injiniyan ruwa ya tsaya a ƙofa yana neman abin hawa, ga shi tun da aka hana moto sai mutum ya taka har babbar hanya kafin ya samu taksi. Ya ce, "Ke Babarbariya, ba za ki raka ubangidanki ba?" Na ce, "Bawana dai. Mu je, kada ka ga saniya a hanya ka bi ta ka ɓata." Muna fita daga harabar ya waiga hagu da dama ya ce:

"To, sai ki je ki rubuta mana shirmen da muka yi."

Na tsaya cak. "Wane shirme?"

"Rijiyoyin tudu mana. Ruwan can yana da nisa, wani wurin ma kanwa ce zalla, ko tumatir ba zai yarda ya sha ba. Ƴan rijiyoyin da ke da kyau kuwa, shanun da aka koro daga tafki sun riga sun yi musu yawa. Ki kai lambu ki dasa a bakinsu, ki ga faɗan da za a yi da ƴan'uwana. Za a yi gudun gara a faɗa gidan zago."

"La ilaha illallahu! To me ya hana ka faɗa a ciki?"

"In ƙaryata malamina a gaban jama'a, ga soja zaune? Ke da kike da baki kamar reza, me kika ce? Ai na ga kanki yana sama yana ƙasa kamar na ƙadangare."

Na ce masa Allah ya isa tsakanina da Fulani. Ya shiga taksi yana ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa na tsaya a bakin hanya ina tunani. In wannan ya ce haka ne a ɗaki, ya ce shirme ne a waje, to sauran fa? Ruwa ba ya tsami banza. Sai Kawu ya faɗo mini a rai, da takalminsa da "bari in taka miki". Ashe masana ma Barebari ne da Fulani da Hausawa, takardun da suka tara ba su canja musu hali ba.

Washegari ban ko leƙa biro ba. Na ɗaura zane na yafa mayafi, na shiga gari gaishe-gaishe. Na fara da likitar Sayam a masaukinta. Muka zauna, ta ba ni lemo, ta yaba taron jiya, ta ce Baba mutum ne mai hangen nesa. Na ce ƙwarai kuwa. Na miƙe, ta ɗauko gyale ta ce bari ta raka ni. Ko ƙofar gida ba mu kai ba ta kama hannuna.

"Ƴar'uwa, salat zai sayi gero? Ki cire shi da safe, kafin azahar ya yi laushi, wa zai saya a bakin kwalta? Tattasai kuwa a shanya shi ya shekara. Matan da ke kawo mini yara, na wannan ƙetaren kogin da na wancan, ba maganin da suke tambayata kamar yaushe za a koma tsinkar tattasai. Da kuɗin tsinka suke cefane. Ni dai ina ba yaro abinci ya murmure, in sallame shi, bayan wata ya dawo mini yadda ya zo."

"Haba likita, wannan magana ai jiya ya kamata a ji ta."

"Ni baƙuwa ce a garinku, kuma ba noma na karanta ba. In tsallake dattijon gari in ce me?"

Haka na yi ta yi har rana ta take. In shiga, a gaisa, a yabi Baba, in miƙe, a rako ni, in kwashi magana. Masanin ƙasa ya rako ni har bakin kasuwa yana bayanin yadda gonakin kwari ke komawa kurmi. Likitan dabbobi ya tsayar da ni a rana yana rantsuwa cewa in ba a bar wa shanu burtali zuwa kogi ba, komai aka shirya banza ne. Ƙafafuna suka kumbura, na sha ruwan gidaje har cikina ya ɗaure, amma zuciyata fes.

Saura kaftin. Nan fa na ji tsoro, don ba a zuwa barikin soja gaisuwa haka kawai. Allah ya taimake ni, da la'asar ya biyo ta bironmu karɓar takardun taro. Ya ƙi zama, ya ce yana sauri. Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in taka maka zuwa mota." Ya ce ba sai na wahala ba. Na ce ai ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, na riga shi kaiwa ƙofa. A hanya na tattaro ƙarfin halina na ce, "Shawarar jiya ta yi muku daidai ko?"

Sai da muka kusa motar ya ce, "Madam, tsakanina da ke, kwarin da ba kowa a cikinsa ya fi wuyar tsaro. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke gabanka. Ba duk bakin kogin ne zai buɗu ba, akwai inda ko ni ba na zuwa. Amma akwai wuraren da in za a shiga da safe a fito kafin la'asar, a san kowa da gonarsa, taki da fetur su bi ta hannun ƙungiyar manoma a kan awo, ni zan iya kai wannan magana gaban manyana ban ji kunya ba."

"To don Allah me ya sa ka yi shiru?"

"An aiko ni in saurari masana. Malaminku ya yi magana, duk kun ce haka ne. Ni soja in ce muku kun yi kuskure a aikinku?"

Ya shiga mota ya tafi. Na dafa bango na yi dariya har da hawaye. Mu mun yi shiru don Baba, soja ya yi shiru don mu. Ɗaki guda na masu ilimi mun haɗa baki a kan abin da ba wanda yake so.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, don babban aikin yana gaba. Duk abin da na tara ba shi da amfani in Baba bai juya ba, kuma ni ce zan je in gaya wa malamina cewa maganarsa ba ta yi ba. Na same shi a gidan ƙanensa inda ya sauka, yana zaune a inuwa ana dafa masa shayi. Muka gaisa. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara, ya tambayi ko har yanzu rubutuna yana nan kamar tafiyar kaza. Na sha shayi na fari, na sha na biyu, na sha na uku, maganar ta ƙi fitowa. Na ce, "Baba, zan koma." Ya jawo sandarsa ya ce, "Mu je in taka miki."

A cikin lungu na ce, "Baba, ka yafe mini, zan yi rashin kunya."

"Yau kika fara?"

Sai na zazzage masa komai: ruwan kanwa, salat da ba ya sayen gero, burtali, abin da kaftin ya ce. Ban ambaci wanda ya faɗi wanne ba, sai na kaftin, don shi ne mai nauyi. Baba ya tsaya ya dogara da sanda, ya ƙura mini ido. Na ce yau na shiga uku.

"Sojan da bakinsa ya faɗi haka?"

"Da bakinsa, Baba."

"Kai, amma ku ƴan banzan yara ne!" Ya buga sanda a ƙasa. "Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gonakin tattasai, kuna tsammanin da gaske nake so a koma salat? Na ga soja zaune, na ce in ni na fara cewa a buɗe kwari, za a ce tsoho yana tura mutane bakin mutuwa, shi yana kwance a birni. Na ce bari in jefa mai sanyi, yaran nan su musa mini, a ja a ja har a kai inda ya dace. Har tambaya na yi ko akwai mai wani gani! Kuka zuba mini ido kamar tumaki. Ban koya muku musu a aji ba?"

"Baba, ranar da na yi maka musu a aji, waje ka kore ni."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa, har yana tari. Da ya lafa na ba shi labarin tulun Kawu. Nan fuskarsa ta canja. Ya ce, "Mai kaurin nama, mai lanƙwasa a baki? Ashe akwai sauran mai shi?" Sannan ya ce in tafi gida kafin lokacin hana fita ya kama ni, gobe in zo da alƙalamin da ba ya ƙarewa.

Da safe ɗaki ya sake cika. Darakta ya ce in karanta rahoto. Kafin in buɗe baki Baba ya ɗaga hannu ya ce shi zafin ɗakin nan ya dame shi, fankar ma ƙara kawai take yi, zai koma masauki ya huta. Ya miƙe ya ce, "Ku taso ku raka ni, dukanku." Wa zai zauna? Muka ɗunguma bayansa, darakta yana ta rarraba ido, kaftin ya kifa hularsa ya biyo mu. Da muka kai ƙofar harabar, ƙarƙashin wani babban dogon yaro, sai Baba ya tsaya ya juyo.

"To, yanzu mun fito. Injiniya, ruwan nan naka na tudu, ɗan gaya mini yadda yake."

Injiniya ya harare ni. Na kalli sama. Ya yi gyaran murya ya fara da "Baba, ba wai ina musu ba ne," daga nan kuma sai Allah. Kafin ya rufe baki likitar Sayam ta karɓa. Likitan dabbobi ya shigo da burtalinsa, masanin ƙasa ya ce burtali ba zai ratsa ta tsakiyar gonaki ba, suka kaure. Wani ya ce a buɗe kwarin gaba ɗaya, kaftin ya ce sam, ya tsuguna ya zana kogi a ƙasa da tsinke yana nuna inda zai yiwu da inda ba zai yiwu ba. Wani masanin iri ya dage cewa rijiyoyin tudu ba a yar da su duka ba, don akwai ƙauyukan da ba ranar komawarsu, kuma ya yi gaskiya, injiniya da kansa ya yarda akwai wuraren da ruwan ke da kyau. Murya ta tashi har masu wucewa suka fara tsayawa suna tambaya ko rabon gado ake yi. Baba kuwa yana tsaye a tsakiya yana murmushi, in ya ga wuta za ta mutu sai ya ƙara mata itace.

Darakta ya matso kusa da ni ya ce, "Madam, wannan wane irin atiliye ne? Mun kama ɗaki, mun hayo lasifika." Na ce, "Ranka ya daɗe, rakiya muke yi." Matar da ke kawo mana shayi da burodi ta gaji da jira, ta ɗauko farantinta ta same mu a ƙofa. Ni kuwa na shimfiɗa takarduna a kan bonet ɗin motar darakta ina rubutu, ƙarfe yana ƙona mini hannu.

Sai da aka kira azahar muka gama. Ba kowa ya samu duk abin da yake so ba, amma abin da aka rubuta kowa ya yi faɗa a kansa kafin ya yarda: a buɗe wasu sassan kwari da rana, taki da fetur su bi ta ƙungiyoyin manoma, a bar wa dabbobi hanyar ruwa, a haƙa rijiyoyi a tudu inda aka tabbatar da ruwan kawai. Aka sa hannu a tsaye. Baba ya ce to yanzu a ƙarasa raka shi da gaske, ƙafafunsa sun gaji.

Takarda ta tafi sama, mu kuma muka zauna jira. Wayyo jira! Hadari ya fara haɗuwa, aka yi ruwan fari, labari ya zo cewa ruwan kogi ya taso daga yamma. Na zama masifaffiya, a gida da biro kowa yana kaffa-kaffa da ni. Na daina zuwa wurin Kawu don ba ni da fuskar da zan kalle shi. Da amsa ta zo, ba duka aka ba mu ba. Maganar taki an ce a dakata, sassan da aka buɗe kuma ba su kai yadda muka nema ba. Gonar Kawu tana waje da iyakar da aka shata. Na zauna na yi kuka na haushi. Sai ga saƙo daga wurinsa cewa in daina ɓata hawayena, wani amininsa da gonarsa ta faɗa ciki ya yanka masa gefe aro, kuma tun kafin a haife ni da kashin awaki ake noman tattasai.

Ya fasa bakin tulu ya zuba iri. Ba duka ya tsiro ba, zafi ya riga ya ci rabonsa. Ya fito tsilli-tsilli kamar gemun saurayi. Amma ya fito, kuma abin da ya fito ya isa dashe.

Ban samu zuwa ba sai lokacin tsinka. Tun daga nesa na hango ja a bayan bukkoki, ba mai yawa kamar na da ba, shimfiɗar tabarma kaɗan ce, amma ja ne sosai. Na tarar da Kawu ya rame ya yi baƙi, muryarsa kuwa har bakin kwalta. A zaune a kan tabarma, a gaban kowa, yake ta ƙorafi: injin ban ruwa na aminin nasa rago ne, tsutsa ta yi masa ɓarna, ƴan tsinka sun cika surutu, matarsa tana satar masa tattasai tana zubawa a miya. Ita kuma tana daga bakin murhu tana cewa ai da ma yaji ya yi mata alkawari. Muka ci tuwo da miyar da ta sa ni gumi, muka yi ta dariya.

Da na miƙe ya zura takalmi ya ce bari ya taka mini. Na ce a raina, duk wannan raha ta tabarma ce, yanzu zan ji ta gaskiya. Muka wuce bukkoki, bai ce komai ba. Muka wuce inda ya tsaya wancan karon, bai rage tafiya ba. Har muka kai bakin kwalta yana tafe yana kaɗa hannu. Na kasa haƙuri.

"Kawu, ban ji ka ce komai ba."

"Me zan ce?"

"Ai na san ba ka rako ni banza."

Ya kalle ni ya yi murmushi. "Yau babu komai, ƴata. Rakiya ce kawai."

Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙullin tsumma ya danƙa mini. Busasshen tattasai ne, zaɓaɓɓe, mai lanƙwasa a baki. Ya ce rabi in kai wa tsohon malamin nan nawa, rabi in ajiye a gidana, don ya yi rantsuwa irin kakana ba zai sake kwana a tulu ɗaya ba. Mota ta tsaya, ɗan kamasho yana ta kiran Diffa, Diffa. Na shiga na zauna da ƙullin a cinyata, hawaye suna zuba, matar da ke kusa da ni tana ba ni haƙuri tana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce mata a'a, tattasai ne ya shiga mini ido.